Ajandar aljihu da ake ta raɗe-raɗinta: ko za ta ji Hausar ƴan kasuwar Ɗan Issa?

Tun ranar da muka taɓo labarin a cikin shirinmu na rediyo, masu saurare ba su bar mu mun huta ba. Wani ya bugo daga tasha yana tambayar ranar da za ta fito, wani daga bakin iyaka yana son ya ji kuɗinta da sefa, wasu kuma suka riƙa turo mana hotuna ta WhatsApp suna cewa ai ga ta nan har ta iso Kano. Abin da ake magana a kai shi ne wata ƴar na'ura ta aljihu da kamfanin OpenAI na Amurka, mai ChatGPT, yake shiryawa, wadda ake cewa za ta riƙe wa mutum alƙawuransa da lissafinsa da sunayen mutanensa, kamar dai ajandar da ma'aikata ke sakawa a aljihun gaba, sai dai ita da baki ake yi mata magana. Mu faɗa tun da wuri: har shekarar 2025 ta ƙare kamfanin bai nuna wa duniya siffarta ba, hotunan da suka yi ta yawo a lokacin duk zane ne na masu hasashe.

Ga abin da ya tabbata. A watan Mayu na 2025 OpenAI ya ba da sanarwar sayen wani ƙaramin kamfani mai suna io a kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 6 da rabi. Dalar Amurka fa, mai karatu, ba dalarmu ta sefa 5 ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa io shi ne Jony Ive, Baturen Ingila da ya daɗe yana shugabantar sashen zayyana a kamfanin Apple, mutumin da hannunsa ke cikin siffar iPod da iPhone, kafin ya bar kamfanin a 2019. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a wancan watan cewa shugaban OpenAI, Sam Altman, ya shaida wa ma'aikatansa na'urar ba salula ba ce, ba kuma tabarau ba ce, aba ce da za ta shiga aljihu ko ta zauna bisa tebur tana sane da abin da ke kewaye da mai ita, kuma burinsa a fitar da guda miliyan 100.

Daga nan sai hasashe ya ɓarke. Wani mai sharhi a kan harkar na'urori, Ming-Chi Kuo, ya ce ƙarama ce, ba ta da gilashin kallo, tana da kyamara da makirfo, ana iya rataya ta a wuya, kuma sai 2027 za a fara ƙera ta da yawa. Wata guda bayan haka, a watan Yuni, wani kamfani mai suna iyO ya kai ƙara kotu a kan kamannin suna, inda a cikin takardun shari'ar ɗaya daga cikin shugabannin io ya bayyana cewa na'urar ba ta sakawa a kunne ba ce, ba kuma ta ratayawa a jiki ba ce, ba a ma gama tsayar da siffarta ba. Ke nan maganar mai sharhi da ta mai kaya sun saɓa. A watan Nuwamba Altman da Ive suka ce sun kai ga samfurin gwaji na farko, kuma tana iya fitowa cikin ƙasa da shekara 2. Babu wanda ya ambaci farashi.

To me ya haɗa mutanen Ɗan Issa da wannan? Duk wanda ya san garin ya san amsar. Muna kan hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina, ga ofishin duwan, ga manyan motoci, ga ƴan canji riƙe da naira a hannu ɗaya sefa a ɗayan. Kasuwancin nan kusan duka a kan bashi da amana yake tafiya. An ba wane buhu 20 na wake zai biya ran kasuwa mai zuwa, wane ya karɓi kaya da naira amma da sefa zai biya, kuma farashin canji na safe ba shi ne na marece ba, musamman tun watan Yuni na 2023 da Najeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Sefa dai tana ɗaure da kuɗin Turai, 655,957 a kan yuro ɗaya, naira ce ke rawa. Duk wannan lissafi yana zaune a wuri uku: kan ɗan kasuwa, wani kaye da ya sha maiƙo a ƙarƙashin kanta, da kuma salula. Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwarmu ba su yi lakwal ba, wasu da ajami suke rubutu, wasu yaron shago ke rubuta musu, wasu kuwa saƙon murya suke aika wa kansu don kada su manta. Idan aka ce wa irin wannan mutum ga na'urar da zai gaya wa magana da baki ta riƙe masa, ta kuma tuna masa ranar biya, dole kunnensa ya tashi.

Amma fa wannan alƙawari ba yau aka fara yin sa ba. A 1984 kamfanin Psion na Ingila ya fitar da na'urar da ya kira Organiser, mai ajiye sunaye da lambobi. A 1993 Apple ya kawo Newton, bayan an daɗe ana kururuta cewa za ta karanta rubutun hannu. Da ta fito, a kan dalar Amurka 699, sai ta riƙa karanta wani abu daban da wanda aka rubuta, har ta zama abin barkwanci a jaridun Amurka, kuma a 1998 Steve Jobs ya rufe aikin. Abin lura, ɗaya daga cikin ayyukan farko da Jony Ive ya yi a Apple shi ne sake zayyana Newton ɗin nan. Ya san ɗacin abin tun yana matashi.

Wanda ya ci nasara shi ne wanda ya rage buri. Jeff Hawkins, mai kamfanin Palm, ya sassaƙa ɗan katako daidai aljihun riga, ya yi ta yawo da shi yana kwaikwayon duba alƙawari, don ya gane abin da mutum ke buƙata da gaske. Na'urar Pilot da ya fitar a 1996 a kan dala 299 abu kaɗan take yi: kalanda, lambobin mutane, jerin ayyuka, ɗan rubutu. Ƙananan batura 2 ke ɗaukarta makonni. Ta sayu ƙwarai. Duk da haka shi ma Palm bai tsira daga tarkon talla ba, don a watan Mayu na 2007 ya yi shelar wata na'ura mai suna Foleo, aka yi ta rubuce-rubuce a kanta, a watan Satumba ya soke ta ba tare da ta shiga kasuwa ba. A shekarar ce iPhone ta fito ta haɗiye aikin ajanda gaba ɗaya. HP ya saye Palm a 2010 a kan dala biliyan 1,2, shekara guda bayan nan ya daina ƙera na'urorin.

Labarin da ya fi kamata ɗan kasuwa ya saurara da kyau shi ne na baya-bayan nan. Wasu tsofaffin ma'aikatan Apple sun kafa kamfanin Humane, suka fitar da AI Pin a watan Afrilu na 2024, ƴar na'ura da ake maƙalawa a ƙirjin riga ana yi mata magana. Kuɗinta dala 699, daidai da na Newton, wato sama da jika 400 na sefa a canjin lokacin, ga kuma dala 24 da ake biya kowane wata. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a farkon 2024, wannan albashin wata 10 ke nan. Masu gwaji suka same ta da jinkiri, da zafi, da shan baturi. A watan Fabrairu na 2025 HP ɗin nan dai ya saye abin da ya rage na kamfanin a kan dala miliyan 116, kuma ranar 28 ga watan aka kashe manyan kwamfutocin da na'urar ke dogara da su. Waɗanda suka saya suka wayi gari da ƙarfe a hannu, kuma an gargaɗe su cewa duk abin da ba su kwashe ba kafin ranar za a goge shi. Mai karatu ya ƙaddara a ciki ne ya ajiye bashin da yake bin mutum 50.

Mu kanmu mun ɗanɗana kaɗan daga irin wannan. Wata shekara salular da muke ajiye lambobin baƙin shirinmu ta faɗa ruwa da damina, muka yi kusan wata 2 muna bin mutane gida-gida muna sake karɓar lamba. Mu lambobi kawai muka rasa. Wanda ya rasa lissafi, idan wanda ake bi ya ce bai tuna ba, sai dai a je gaban mai gari, can kuma shaida za a nema.

Shi ya sa tambayar da muke ganin ta fi ta ranar fitowa muhimmanci ita ce: ina bayanan za su zauna? Irin basirar da ke cikin ChatGPT ba a cikin aljihu take aiki ba, a manyan kwamfutoci take can nesa, sai an bi ta intanet. A nan bakin iyaka kuwa kowa ya san halin rezo. Ka matsa kudu kaɗan salula ta kama layin Najeriya, ka dawo ta koma Airtel ko Moov ko Zamani, ka shiga ƙauye ta ɗauke baki ɗaya. Ga wuta. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, aka rufe iyaka, ba a dawo da su ba sai a watan Maris na 2024. Masu cajin waya da hasken rana da janareta ne suka riƙe gari a wancan lokaci. Na'urar da ba ta iya buɗe maka lissafinka sai da intanet da cikakken caji, a watannin nan da ta zama kayan ado.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi damunmu a matsayinmu na masu aiki da baki. Google ya saka Hausa a cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, kuma ChatGPT yana rubuta Hausa daidai gwargwado, amma rubutu daban, ji daban. Hausar kasuwar Ɗan Issa ta Katsinawa da Gobirawa ce, an cakuɗa da Faransanci an yayyafa Ingilishi. Idan mutum ya ce ana bin sa dala 200, sefa 1000 yake nufi, wato jika guda, ba kuɗin Amurka ba. Idan ya ce tiya 40, sai an san ko ta gero ce ko ta wake, da kuma tiyar wace kasuwa. Newton ta kasa karanta rubutun Turawan da suka ƙera ta. Muna son mu ga ranar da wannan za ta rarrabe jika da jikka a tsakiyar hayaniyar tasha, mai kabu-kabu na danna oda a gefe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: na'urar da aka ce tana sane da abin da ke kewaye da ita, saurare take yi. Ciniki a nan sirri ne, wani ma a cikin hannun riga ake ƙulla shi. Ba kowane Alhaji ne zai yarda a ajiye abin da ke ji bisa tabarmarsa ba.

Idan aka duba abin da ya karɓu a wurinmu, ba wanda aka fi yi wa shela ba ne. Nokia 1100 ta 2003 ta shiga kowane ƙauye saboda tocila da baturin da ke kwanaki. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka saboda ya lura mutum na son layi 2 a waya ɗaya, da baturi mai ƙarko, da farashin da talaka zai iya. Ga ɗan bakin iyaka, layi 2 ba ƙawa ba ce, ɗaya na Nijar ne ɗaya na Najeriya. A cikin waɗannan wayoyin ne yau ake karɓar saƙon Nita da Amana, a cikinsu ake duba kuɗin da aka turo ta Opay. Hasashenmu, kuma hasashe ne kamar na kowa, shi ne idan har dabarar OpenAI ta yi kyau, ba na'urar da kanta za ta fara iso mana ba. Za mu gan ta ne a cikin wata Tecno, an rage mata tsada, ta biyo ta kasuwar Farm Centre ta Kano ko ta kantunan Maraɗi, bayan shekara ɗaya ko biyu.

Wani mai saurare ya shaida mana cewa har an fara yi masa tayin ya ba da kuɗin kafin alƙalami don a ajiye masa guda idan kaya sun sauka. Mun ce masa ya riƙe kuɗinsa, ya tambayi mai tayin sunan na'urar da farashin da kamfani ya sanar, ya kuma nuna masa inda aka rubuta. Ya ce zai tambaya ran kasuwa ya bugo mana. Mun kuma roƙe shi, kafin ranar, ya sa yaronsa ya kwafe bashin da ke cikin salularsa a kaye.