Filtar ruwa: abin da take cirewa da abin da masu talla ke ƙarawa

Masu tallan na'urar tace ruwa suna da wani wasa da suke yi a gaban jama'a, wanda duk ya gani da idonsa sai gabansa ya faɗi. Za a kawo kofin gilashi biyu, a cika ɗaya da ruwan gidanka, ɗaya da ruwan da ya bi ta na'urarsu. Sai a tsoma wasu sandunan ƙarfe a ciki a jona wa wuta. Kafin minti biyu ruwan gidanka ya yi ja, ya koma kore-kore, wani baƙin kumfa ya taso a samansa, nasu kuwa yana nan kusan yadda yake. Mai talla sai ya dube ka ya ce, "Alhaji, ka ga abin da iyalinka ke sha."

Ba shi suke sha ba. Daga jikin sandar dattin ya fito. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishirin ƙasa, irin su kalsiyam da magnesiyam, su ne ke ba wutar lantarki hanya. Wuta tana bi, ƙarfen yana cinyewa, tsatsarsa tana rina ruwan. Ruwan da aka tsotse wa wannan gishiri ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka sandar ba ta ci. Mai shakka ya barbaɗa ɗan gishirin miya a cikin ruwan nasu a sake gwadawa, zai ga shi ma ya yi ja. Haka ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da suke tsomawa ya nuna lamba: yawan gishirin da ya narke yake aunawa, babu ruwansa da ƙwayar cuta. Ruwan da ke cike da ƙwayoyin kwalara zai iya cin wannan jarrabawa da maki mai kyau.

To amma ƙaryar mai talla ba ta wanke ruwanmu ba. Maganar cewa yawancin ruwan da ake sha a gidajenmu gurɓatacce ne gaskiya ce. A binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, an gwada ruwan sha ana neman E. coli, ƙwayar da ke nuna cewa bayan gida ya taɓa ruwa. An same ta a kusan kashi 77 cikin 100 a wurin ɗiba, a ruwan da ke cikin gida kuwa sai ta kai kusan kashi 90. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

A dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, 77 da 90, domin a nan ne rabin zancen yake. Ma'anarta akwai ruwan da aka ɗebo da tsabtarsa, ya lalace tsakanin bakin famfo da bakin mai sha. Jarkar ɗan garuwa da ta yi gansakuka a ciki, wadda ba a taɓa wankewa ba tun da aka juye man gyaɗan da ta zo da shi. Tankin saman bene da murfinsa ya fashe, ƙadangare da tsuntsu suna hawa. Uwa uba randar tsakar gida. Yaro ya dawo daga wasa, ko daga kewaye, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya luma ta har wuyan hannunsa ya shiga ruwa, ya sha, ya mayar da saura. Babu filtar da aka ɗaura a bakin famfo da za ta yi maganin wannan. Randa mai murfi da ɗan famfo a gindinta, ko ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa, ya fi na'urar dubban naira amfani a irin wannan gida.

Akwai kuma zancen da kowa ke yi, wai ruwan burtsatse ba ya bukatar komai tunda daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, ga shi garau. Zurfi yana taimakawa ƙwarai, domin ƙasa da kanta tana tacewa. Sai dai a unguwannin da gida ke manne da gida, sau da yawa tsakanin bohol da masai ko sokawen maƙwabci bai kai taku goma ba, alhali shawarar da aka fi bayarwa ita ce a bar kamar mita 30. In ba a yi wa wuyan rijiyar siminti da kyau ba, da damina ruwan kwata sai ya bi jikin bututu ya gangara. Ido ba ya ganin ƙwayar taifot, harshe ba ya jin ɗanɗanonta. Shi ma ruwan famfo na gwamnati, ko da ya bar matatar Tamburawa ko ta Challawa a Kano da kulorin ɗinsa, yana bin bututun da a wurare da dama ke kwance cikin lambatu. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Ranar da aka ɗauke, bututu ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. Shi ya sa ruwan farko da ke zuwa bayan kwanaki ba na sha ba ne, a bar shi ya zuba tukuna.

Ruwan leda kuwa jita-jitarsa ta fi ta kowa yawa. Tun wajen 2011 ake yaɗa wani saƙo cewa an shigo da wani ruwan roba mai guba da ya kashe mutane da yawa a wata ƙasa. NAFDAC ta ƙaryata, amma bayan 'yan shekaru sai saƙon ya sake dawowa a WhatsApp kamar sabo. Haka zancen cewa ruwan da ya daskare a firji cikin roba yana fitar da gubar da ke jawo cutar kansa. Babu hujja a kansa. Abin da ya cancanci damuwa game da fiya wata bai kai wannan ban tsoro ba, shi ya sa ba a tura shi a waya. Lambar NAFDAC kowa zai iya bugawa a leda. Kamfanin da ya cika sharuɗɗa ranar da aka zo duba shi zai iya sakaci bayan an tafi. Sannan bayan ledar, wanda ya sha hannun mai talla da ruwan ƙanƙarar cikin kula, shi muke sa wa haƙori mu ɓula.

Alif, wanda wasu ke kira alam, da garin ƙwayar zogale suna aiki, amma aikinsu kwantar da laka ne. Suna tattara dattin da ke yawo ya nutse ƙasa, tare da wani kaso na ƙwayoyin cuta, ba duka ba. Ruwan da aka sa wa alif ya shirya ne don a tafasa shi ko a sa masa kulorin, bai shirya shiga ciki ba. Kulorin ɗin, ko na ruwa irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a sa gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Ɗan warin da mutane ke gudu alama ce cewa akwai sauran maganin da zai ci gaba da tsare ruwan a cikin randa, abin da tafasawa ba ta yi.

Tafasawa ita ce mafi tabbas a kan ƙwayoyin cuta: ruwa ya yi ɓararraka na minti ɗaya, shi ke nan. Inda zancen ke karkacewa shi ne da aka ce tafasawa tana kashe komai. Abin da ke da rai ake kashewa. Dalma ba ta da rai, fuloraid ba shi da rai, haka naitiret da ke tsiyayowa daga masai da takin zamani. Idan ruwa na ɗauke da su, tafasawa ƙara musu ƙarfi take yi, domin tururi ya tafi su sun zauna.

Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun ga wannan a jikin 'ya'yansu. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse, ruwa fari tas, babu wari babu zartsi. Aka yi shekara fiye da goma ana sha kafin a gane cewa fuloraid ɗin cikinsa ya ninka sau uku ko fiye a kan miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yara suka taso da haƙora masu tsatsa, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe. Da kowace uwa a garin ta tafasa ruwan nan safe da yamma, da babu abin da zai canja. Gwaji tun farko ne kaɗai zai hana.

Ana yawan kawo gubar dalma ta Zamfara a matsayin hujjar sayen filta, to a nan sai an yi hattara. Gaskiya ne a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Amma babbar hanyar da gubar ta bi ita ce ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, yara suna shaƙa suna kai hannu baki. Kankare ƙasar gidajen da fitar da injinan niƙa daga gari ne suka yi magani. Duk da haka, wanda rijiyarsa ke kusa da wurin wanke ma'adinai, ko kusa da magudanar majemu da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, yana da dalilin kai ruwansa a auna.

Filtar kanta ba abu ɗaya ba ce, kuma a nan ake cutar mai saye. Farin kwanson nan mai kama da zare da ake ɗaurawa bayan tanki yashi da tsatsa yake tarewa, ƙwayoyin cuta wucewa suke abinsu. Mai gawayi tana gyara ɗanɗano da wari, tana cire kulorin, wato in ba a yi hankali ba ta cire mai gadin ta bar ruwan haka nan. Mai farin dutsen yumɓu da ake sa wa a bokiti biyu, ɗaya bisa ɗaya, tana tare bakteriya da ƙwan tsutsa da kyau, amma ƙananan ƙwayoyin bairos irin na ciwon hanta nau'in A da E suna iya tsallakewa, kuma da ta tsage ta tashi aiki. Mai fitilar UV tana kashe ƙwayoyi in ruwa garau ne kuma akwai wuta. Wadda ake kira RO, mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata, ita ce ke cire dalma da fuloraid da naitiret da zartsi. Tana da tsada, tana son wuta da ƙarfin ruwa, kuma ƙananan na gida sukan zubar da ruwan da ya fi wanda suke bayarwa, abin da mai sayen jarka daga kura ba zai ji daɗinsa ba. Dukkansu kuma suna tsufa. Kwanson da ya shekara ba a canja ba yakan zama gidan bakteriya, ruwan da ya fito ya fi wanda ya shiga datti, mai gida yana can hankalinsa kwance.

Abin lura, filtar da ta fi kowace yin aiki a tarihin ƙasar nan ƙyalle ce. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da bai iya wuce saƙar ƙyalle ba. Aka raba matatan ƙyalle ƙauye-ƙauye, aka hana mai ciwo shiga tafki, Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ta zagaye, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar. Matacin ya yi nasara ne domin an san abin da ake son tarewa.

Na'urorin da ake cewa suna mayar da ruwa "alkalin" ya warkar da ciwon suga, olsa da hawan jini, wannan kasuwanci ne kawai. Ruwan yana isa tumbi ya tarar da asid ɗin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wasu daga cikin bidiyon da ke tsorata mu kuma daga Amurka suke, inda damuwarsu tsofaffin bututun dalma ne irin na garin Flint, ba masai kusa da rijiya ba.

A ganina, gidan da matsalarsa gudawar yara da taifot ce, ya fara da kulorin ko tafasawa, da randa mai murfi, da wanke tanki da jarka. In akwai hali a ƙara filtar yumɓu, musamman inda itace da gas suka yi tsada. Wanda ya haƙa sabuwar bohol, ko yake ganin haƙoran yaran unguwa suna yin tsatsa, ko yake kusa da ma'adinai da masana'antu, ko zai dama wa jariri madara da ruwan rijiya, shi ne ya kamata ya yi tunanin RO, bayan gwaji. Hukumomin ruwa na jihohi da sassan kimiyya na jami'o'i suna da ɗakunan auna ruwa. A tambaye su irin kwalbar da za a ɗebo a ciki da lokacin da ya kamata a kai, a ce a duba E. coli da naitiret da fuloraid, a ƙara dalma in wurin ya ba da dalili, sannan a maimaita gwajin ƙwayoyin cuta da damina, lokacin da rijiyoyi suka fi ɗaukar datti.