Zubar da Ciki: Su Wa Ke Yi, Nawa Ne, Kuma Don Me?

Ranar 24 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe da Wade, wanda tun 1973 ya ba matan ƙasar damar zubar da ciki a ƙarƙashin tsarin mulki. Shari'ar da ta jawo hakan, wadda ake kira Dobbs, ta samo asali ne daga wata dokar jihar Mississippi da ta hana taɓa cikin da ya haura mako 15. A ƙofar kotun a Washington, wasu na kukan murna, wasu na kukan takaici. Kafin shekara ta zagayo, jihohi fiye da goma, ciki har da Texas da Alabama da ita kanta Mississippi, sun haramta abin kusan ɗungurungum. Masu murna da masu takaici duk sun ɗauka adadin zubar da ciki zai faɗi warwas.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Cibiyar Guttmacher, wadda ta daɗe tana ƙirga wannan al'amari, ta ce a 2020 an zubar da ciki kimanin 930,000 a Amurka. A 2023, shekara ta farko cikakkiya bayan hukuncin, adadin ya haura miliyan ɗaya, abin da aka yi fiye da shekara goma ba a gani ba. Mata kusan 170,000 sun tsallaka zuwa jihohin da ba su hana ba, irin su Illinois da Kansas da New Mexico. Wasu kuma likita ya duba su ta intanet, ƙwaya ta iso musu ta gidan waya. A waccan shekarar kashi 63 cikin ɗari na zubar da cikin da aka yi a ƙasar da ƙwaya aka yi shi, ba da tiyata ba.

Wannan bai nuna dokokin haramcin sun tashi a banza ba. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun gano cewa bayan dokar Texas ta 2021, wadda ta hana zubar da ciki tun daga wajen mako shida, an sami ƙarin haihuwa kusan 9,800 a jihar tsakanin Afrilu da Disambar 2022. Ga masu adawa da zubar da ciki, waɗannan rayuka ne da aka ceto. Ga ɗaya ɓangaren, mata ne marasa kuɗin mota da na masauki da aka tilasta wa haihuwa. Adadin ɗaya ne, kowa da irin karatun da yake masa.

Guttmacher ba 'yar ba-ruwanmu ba ce, tana goyon bayan 'yancin zubar da ciki, kuma ba ta ɓoye ba. Duk da haka har abokan hamayyarta da alƙalumanta suke kafa hujja, domin hukumar lafiyar gwamnati ta CDC tana dogara ne da abin da jihohi suka ga damar aiko mata, kuma California, jiha mafi yawan jama'a, ba ta aikawa.

Idan aka saurari muhawarar a talabijin, mutum zai ɗauka mata iri biyu kawai ake magana a kansu. Masu goyon baya suna kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe ko matar da cikin zai kashe. Masu adawa suna kawo cikin da ya tsufa, jariri ya kammalu da yatsunsa. Duka biyun suna faruwa, amma su ne mafi ƙaranci. Alƙaluman CDC sun nuna kimanin kashi 93 cikin ɗari ana yin su ne kafin ciki ya wuce mako 13, kuma kusan kashi ɗaya ne kacal ake yi daga mako 21 zuwa sama. A wani bincike da Guttmacher ta yi a 2004, inda ta tambayi mata 1,209 dalilansu, kashi ɗaya ne suka ambaci fyaɗe, ƙasa da rabin kashi ɗaya suka ce muharraminsu ne ya yi musu cikin. Kashi 12 sun ambaci lafiyarsu, kashi 13 lafiyar abin da ke cikin.

Manyan dalilan sun fi haka kusa da rayuwar yau da kullum. Kashi 74 sun ce haihuwa a lokacin za ta katse musu karatu ko aiki ko kula da waɗanda ke wuyansu. Kashi 73 sun ce ba su da halin ɗaukar ɗawainiyar jariri. Kusan rabi sun ce suna cikin rikici da namijin, ko ba sa so su yi reno su kaɗai. Jimillar ta wuce ɗari saboda yawancinsu dalili fiye da ɗaya suka bayar: matar da miji ya gudu ya bari ita ce wadda kuɗin haya ya fi ƙarfinta, ita ce kuma mai yara biyu a gida. Kusan shida cikin goma na masu zubar da ciki a Amurka sun riga sun haihu. Wadda aka fi samu a layin asibitin uwa ce mai shekara ashirin da 'yan kai, mai ƙaramin ƙarfi, da cikin da bai kai wata uku ba, kuma ita ce ba a cika jin labarinta a wajen gangami ba, domin ba ta dace da allon kowane ɓangare ba. Masu adawa kan ce waɗannan alƙaluma sun tabbatar da maganarsu, tunda yawanci ba rai ake ceta ba. Masu goyon baya kan ce talauci da raino ba ƙananan dalilai ba ne ga wadda ke cikinsu.

A duniya baki ɗaya, ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, wanda aka wallafa a 2020, ya ce tsakanin 2015 da 2019 ana zubar da ciki kimanin miliyan 73 a kowace shekara. Cikin da ake ɗauka ba da niyya ba kuwa ya kai miliyan 121 a shekara, kuma shida cikin goma nasa a haka yake ƙarewa. Idan aka haɗa kowane irin ciki, uku cikin goma ke nan. Abin da ya fi tayar da ƙura a rahoton shi ne cewa yawan zubar da ciki a ƙasashen da suka hana bai yi nisa da na ƙasashen da suka halatta ba, dukansu tsakanin 36 da 40 ne a cikin kowace mace dubu 'yar shekara 15 zuwa 49. Bayanin da aka bayar shi ne, ƙasashen da suka hana su ne galibi waɗanda magungunan tazarar haihuwa suka yi wa ƙaranci, saboda haka cikin da ba a shirya masa ba ya fi yawa a can tun farko.

To ta yaya ake ƙirga abin da ake yi a ɓoye, wanda doka ke hukuntawa, jama'a kuma ke ƙyama? A nan ne masu suka ke da abin faɗa, domin a ƙasashe da yawa ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Tsohuwar hanya ita ce a bi asibitoci a ƙirga matan da aka kawo suna zubar da jini ko mahaifa ta kamu da cuta, a cire waɗanda ake ganin ɓari suka yi, sannan a tambayi likitoci da ungozomomi: a kan kowace mace ɗaya da ta iso asibiti, mata nawa ne ba su zo ba? Sai a ninka. Sabuwar hanya kuwa ta dogara ne da amana tsakanin mata. Ba a ce wa mace ta faɗi nata, sai a tambaye ta labarin aminiyarta ta ƙut da ƙut, ba tare da kama suna ba. Ana kuma tambayar ko aminiyar ta taɓa shan wani abu don dawo da al'adarta a lokacin da take tsoron ko ciki ne, saboda mata da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin zubar da ciki.

An gwada hanyoyin biyu a Najeriya. Ta farko ta ba da kimanin 610,000 a 1996, sannan miliyan 1.25 a 2012, wato 33 a cikin kowace mace dubu. Ta biyu, a wani bincike mai suna PMA2020 na 2018, ta nuna bambancin da kunya ke haifarwa: da aka tambayi mata nasu, an sami 29 cikin dubu, da aka tambaye su na aminansu sai ya tashi zuwa wajen 46. Mai zaton wannan matsalar 'yan Kudu ce ya duba rabon 2012 shiyya-shiyya. Kudu maso Kudu ce kan gaba da 44, Arewa maso Gabas na biye mata da 41, Arewa maso Yamma 31, Kudu maso Yamma kuwa, inda Legas take, 27.

Dalilan a nan ba su zo daidai da na Amurka ba. Binciken da aka yi a farkon shekarun 2000 ya nuna galibin masu zubarwa a Najeriya ba su kai shekara 25 ba, kuma ba su yi aure ba: tsoron iyaye, tsoron kora daga makaranta, tsoron abin kunyar da zai bi dangi. Amma matan aure ma suna ciki, musamman mai goyon da ta yi kwanika, jaririnta bai fara tafiya ba ga wani cikin, ko wadda ta haifi bakwai jikinta ya gaji. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 ne kawai na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa, kusan ɗaya cikin biyar kuma suna son su huta ko su daina amma ba sa amfani da komai.

Dokar Najeriya ba ta da sassauci. Kundin Penal Code na Arewa da Criminal Code na Kudu duka sun haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Wannan ya yi daidai da ra'ayin mafi yawan jama'a, Musulmi da Kirista. Cocin Katolika na ganin rai yana farawa tun daga ɗaukar ciki. Malaman Musulunci sun haɗu a kan haramci bayan an busa rai, wanda jumhuru suka sanya a kwana 120, sai idan ran uwar na cikin haɗari. Kafin wannan lokaci akwai saɓani: mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ta fi tsanantawa, ta hana tun daga lokacin da maniyyi ya zauna a mahaifa, yayin da wasu malaman Hanafiyya suka yi rangwame idan akwai uzuri. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta cire tayin da likitoci suka tabbatar yana da mummunar naƙasa, muddin bai kai kwana 120 ba. Tambayar yaushe tayi ke zama mutum mai haƙƙi ba ta daga cikin abin da kwamfuta za ta lissafa, kuma duk mai cewa alƙaluma sun warware ta yana yaudarar masu sauraronsa ne.

Abin da alƙaluma suka iya nunawa shi ne wa ke mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 45 cikin ɗari na zubar da ciki a duniya ana yin sa ne ta hanya mai haɗari, kuma kashi 97 na waɗannan a ƙasashe masu tasowa ne. A Afirka uku cikin huɗu haka suke. Ƙasar Romaniya ta zama abin misali: a 1966 shugabanta Nicolae Ceaușescu ya haramta zubar da ciki don ƙara yawan jama'a, ya kuma toshe hanyar samun magungunan hana ɗaukar ciki. Haihuwa ta kusan ninkawa a shekarar farko, sannan ta sake sauka, domin mata sun koma ɗakunan ɓoye. Kafin a soke dokar a Disambar 1989, mata kusan 10,000 sun mutu ta wannan hanya. Daga baya, da magungunan tazara suka wadata a Gabashin Turai, yawan zubar da ciki a yankin ya sauka daga 88 cikin dubu a farkon shekarun 1990 zuwa 42 bayan shekara ashirin, alhali a yawancin ƙasashen doka ba ta hana ba.

A Najeriya mai kuɗi tana samun likita a asibitin kuɗi, a rufe ƙofa, ta koma gida da yamma. Talaka da 'yar ƙauye su ke ƙarewa a hannun mai kemis, ko mai haɗa jiƙe-jiƙe, ko wani da bai taɓa shiga makarantar likita ba. Binciken PMA2020 na 2018 ya sanya fiye da shida cikin goma na zubar da cikin ƙasar a rukuni mafi haɗari. A 2012 mata kimanin 212,000 aka yi wa magani a asibitoci saboda illar da ta biyo baya, wasu 285,000 kuma sun sami mummunar illa amma ba su sami kulawa ba. Babu dokar da ta hana yi wa mace wankin ciki idan ta zo tana zubar da jini, ko ɓari ta yi ko da hannunta a ciki, amma tsoron tambaya da tsoron 'yan sanda kan sa a riƙe ta a gida har sai jiki ya yi zafi ya rikice.

Maƙwabta sun fara motsi. Jamhuriyar Benin ta faɗaɗa dokarta a 2021 zuwa mako 12 bisa wasu dalilai da suka haɗa da ƙuncin rayuwa, Ghana kuwa tun 1985 ta yarda da dalilin fyaɗe da na lafiya. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ta nemi a ba da dama idan an yi fyaɗe ko lafiyar uwa na cikin haɗari, amma ba ta taɓa kundin laifukanta ba. A Yunin 2022, watan hukuncin Dobbs, gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin da za su fayyace wa likitoci abin da dokar da ake da ita ta yarda da shi. Shugabannin addini suka yi ca, kuma a watan Yuli Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ba da umarnin dakatar da su.