Shin Ko Kun San? Raken Makarfi Shi Ke Dafa Kansa!

Shin ko kun san rake ciyawa ne? Ƙwarai kuwa! Dangin dawa ne da gero da masara. Asalinsa ma ba nan kusa ba, can tsibirin Niyu Gini ne, a ƙarshen gabashin Indunusiya. Ga shi yau ya zama ɗan gida a fadamun Makarfi da Kudan, manyan motoci na lodinsa dami-dami zuwa garuruwa na nesa.

Kuma manomi ba ya shuka shi da ƙwaya. Sandar ake yankawa a binne. Kowace gaɓa tana da ido, kowane ido sabon rake ne. A sare shi, kututturen ya sake tofowa. Shuka ɗaya, girbi fiye da ɗaya!

To, ku biyo ni wurin masu mazarƙwaila, nan abin mamakin yake. Ana cusa sanda a bakin injin matsa, ruwan ya tsiyaye gefe guda, tuƙar ta faɗo ɗaya gefen. A zuba ruwan a babban kasko. Da me za a hura wuta? Da tuƙar nan dai! A baza ta a rana ta bushe, a tura ta murhu, ta kama bal-bal. Ruwan ya tafasa, a yi ta kwashe kumfa, ya yi kauri, ya yi ja, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Rake ya dafa rake, an huta da saran itace.

Ku lissafa da kanku. Rake kilo 10 ne ke ba da mazarƙwaila wajen kilo 1. Tan guda kuwa yakan bar tuƙa kusan kilo 300. Ganyen saman na shanu ne. Tokar murhu ta koma gona. A da, da doki ke zagayawa yana juya injin, har kashinsa taki ne. Me ya rage a zubar? Ku faɗa mini!

Kun san Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake, da irin wannan tuƙa take samar da wutar lantarki? Masana'antun sukarinta suna ƙona ta su kunna injinansu, su sayar da rarar wutar. Tun 1975 kuma gwamnatinsu ta duƙufa kan yin man mota da ruwan rake. Tuƙar da muke tofarwa a bakin titi ke nan fa!

Mu leƙa Ikara. Tun 1981 aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a garin, ya sha tsayawa ya sha tashi. Amma kun san kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne zalla? Direban da ya ɗauko kwanduna zuwa Legas, ruwa ya yi dako! Shi ya sa masu yanka shi su shanya suka fi mu lissafi. Kauɗa ba ta neman firji, ba ta neman janareta. Rana da iskar hunturu sun wadatar, ta yi watanni a buhu.

A 2016 wata 'yar tsutsa da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta sauka Sifaniya a 2006. Mace ɗaya takan zuba ƙwai har 260. Ɗaya tak!

Firji ba lantarki fa? Akwai shi. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwa na tsanewa, zafi na fita. Gautan da kan yanƙwane a kwana 3 sai da ya kai kwana 27! Wannan ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Da tsohuwar zuma ake magani, duk mai randa a gida ya san sirrin.

Ƙuduji kuma, wanda ke tsotse dawa da masara ta ƙarƙashin ƙasa? Tushe ɗaya yakan zubar da iri dubu hamsin ko fiye, ƙanana kamar ƙura. Irin yakan yi shekara goma sha yana kwance yana jira. Ga wayon: a shuka waken soya. Saiwar wasu irinsa na yaudarar ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu da yunwa. Waken kuma ya bar wa ƙasa ƙarfi. Masana a cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922, sun daɗe suna kwaɗaita wa manoma wannan juyin shuka.

Gawo fa, ɗan bauɗiya? Damina ta sauka, kowace bishiya ta yi kore, shi ya kakkaɓe ganyensa. Rani ya zo, sai ya yi shar! Ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki, 'ya'yansa abincin awaki.

A Maradi, tun wajen 1983, manoma suka daina tumɓuke kututturan gona. Su zaɓi tsiro mai ƙarfi, su rage sauran, su bar shi ya girma. Sassabin zamani suke ce masa. Sakamako? An ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Ba dashe, ba ban ruwa! Ni dai ina ganin wannan ya fi bikin dashen da ake yi gaban kyamara, a watse a bar wa awaki.

Wake ba fiya-fiya? Buhun PICS, ƙirar Jami'ar Purdue ta Amurka, hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A ɗaure kowanne tam. Iska ta ƙare, ƙwari su shaƙe. Shi ke nan!

Kun taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunya? Gwangwanin lemo da tsoffin kayan sanholo da 'yan gwangwan suka tsinto ake narkewa. A danna samfurin tukunya cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a zare, a kwarara narkakken ƙarfe a gurbin. Jim kaɗan a fasa ƙasar, sai ga tukunya tana turiri. Narke tsohon alminiyam yana cin kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Ɗan bola jarin da kuke kora daga ƙofar gida, da shi ake wannan aiki.

Tsohuwar taya ma ba ta mutuwa. Ta zama takalmi, ta zama igiyar ɗaure kaya a bayan babur, tib ɗinta ya zama guga.

Gida da gorar roba fa? A 2011, a Sabon Yelwa kusa da Kaduna, ƙungiyar DARE ta gina gida da dubban gorunan ruwa da aka ɗura wa yashi, aka jera da laka. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Sai leda. Ita ce ta gagari kowa. Ba ta ruɓewa a juji, tana bin taki har gona, tana toshe kwata da damina. Ku tambayi mahauta abin da sukan tarar a tumbin akuya: dunƙulen leda, wani har da igiya! Ruwanda ta haramta ta tun 2008. Kenya ta bi sahu a 2017, da tarar da kan kai dala dubu 38 ko ɗaurin shekara 4. A kan ledar ƙosai fa!