Saƙon "cire kan batir" da ke yawo a waya: garin neman gira a rasa ido

Cikin mako guda sau uku saƙon nan ya shigo wayata. Na fara ganinsa a zauren WhatsApp na danginmu, sai na 'yan unguwa, na ukun kuma kawuna ne ya turo mini shi da kansa, ya ƙara da cewa, "Ɗana, ka karanta wannan da kyau, tunda motarka ta koyi kwana da wuta ta tashi babu." Saƙon ba shi da sunan marubuci. Ya buɗe da sallama, ya jero abin da ya kira sirrika biyar da masu wayarin ba sa so ka sani, ya rufe da roƙon a tura wa mutum goma don Allah. Ko wane ne ya haɗa shi, da ya tsaya a gareji ya tambayi yaron da ke miƙa sifana, da bai jawo wa mutane asara ba.

Huɗu daga cikin biyar ɗin ba sa buƙatar dogon bayani. Cewa batir yana zuƙewa idan an ajiye shi a kan siminti labari ne na zamanin da ake yi wa batir gida da katako. Na yau gidansa roba ne, wuta ba ta bi ta cikinsa. Cewa a ƙara wa batir mai rauni asid zai farfaɗo, ƙarya ce: ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan, don haka tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, shi ma a batirin da ake iya buɗe murfinsa. Cewa barin mota tana silo na minti goma zai cika mataccen batir, wannan ma ba haka ba ne, zai ɗan taɓa shi dai, cikawa sai an kai shi caji. Cewa zafi yana rage wa batir kwana kuwa gaskiya ne, kuma duk wanda ya riƙe mota a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu shaida ne.

Na biyar ɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Saƙon ya ce idan batirinka yana yawan mutuwa, ka ta da mota, ka kwance kan batir ɗaya tana aiki. In ta mutu, altaneta ya lalace. In ta ci gaba da aiki, altaneta lafiyarsa lau, batir za ka saya. Gwaji ne kyauta, ba mita, ba mai wayarin, shi ya sa ya shiga ran mutane.

Ban ga laifin kawuna ba da ya yarda. Ya tuƙa Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, mota mai kafireta, wadda kayan wutarta kaɗan ne, irin su kwayil, fitilu, hon da rediyo. A kan irin waɗannan motoci direbobi da makanikai suka yi ta wannan gwaji shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da komai ya ƙone ba. Abin da mutum ya gani da idonsa wuya ne ka raba shi da shi. Sai dai motar da ke ƙofar gidansa yanzu 'yar Kwatano ce, Corolla mai ƙwaƙwalwar da makanikai ke kira burenbos, kuma ita ce ke lissafin mai, da tartsatsin fulogi, da canjin giya.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet. Batir ba rumbun ajiye wuta kawai ba ne. Idan injin yana aiki, shi ne ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa, kamar yadda tankin sama ke daidaita ruwan famfo. Ka cire shi farat ɗaya altaneta na tsaka da tura caji, wutar ba ta da inda za ta zuba, kuma reguleta ba ya iya rage ta nan take. Cikin ƙasa da rabin daƙiƙa ƙarfinta yana iya yin tsalle daga volt 14 zuwa ninkin-ba-ninkin. Wannan ba hasashe ba ne. Ƙa'idar ISO 16750-2, wadda ake gwada kayan wutar mota da ita, ta tanadi tsallen da ya kai volt 79 zuwa 101 a motar volt 12 da altanetanta ba shi da kariya, na tsawon kashi 40 zuwa 400 cikin dubu na daƙiƙa. Altanetocin zamani da yawa suna da dayod masu danne tsallen zuwa wajen volt 35, shi ya sa wasu suka yi gwajin suka tsira. Amma wa ya san irin altanetan da aka sa wa motarsa a gyaran da ya wuce, na kamfani ne ko kwance ne daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka? Mai gwajin caca yake yi da burenbos, da mitar gaban direba, da rediyo, da dayod ɗin altanetan kansa. Ga kuma tartsatsin da ke tashi a kan batir lokacin cirewa da mayarwa, alhali batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

Abin takaicin shi ne, ko an tsira daga ɓarna, gwajin ba ya faɗin gaskiya a kan matsalar da aka ce yana ganowa. Altaneta wuta mai kai-da-komo yake samarwa ta layi uku, sai dayod, galibi shida, su miƙe ta ta zama irin wadda batir ke karɓa. Kowane dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya: wuta ta fita zuwa batir, kada ta dawo. Idan ɗaya ya lalace ya fara yoyo, da rana altaneta zai ci gaba da bayar da wutar da ta isa riƙe injin, domin injin ba ya cin wuta mai yawa. Ka cire kan batir, mota ta ci gaba da aiki, saƙon ya ce maka altaneta lafiya lau. Da dare kuwa, bayan an kashe mota, wutar batir ta riƙa sulalewa ta wannan ƙofar da ta ƙi rufuwa. A yi lissafi: batir mai lamba 60 a jikinsa, yoyon amp 2, awa goma na dare, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Idan batirin ya kwana biyu, da asuba kik sai ƙas-ƙas. Idan aka ajiye motar daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, ko fitilar ciki ba za ta kama ba. Mutum ya sayi sabon batir, bayan 'yan makonni shi ma ya durƙushe, a zagi mai shago a ce ya sayar da jabu, ɓarawon kuwa yana nan ɗaure da fambel.

Gwajin gaskiya ƙaramar mitar auna wuta yake buƙata, wadda kuɗinta bai kai kusa da na batir ba. Da safe, kafin a ta da mota, cikakken batir zai nuna kusan volt 12.6, idan ya nuna 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya yi nisa. A ta da injin a sake aunawa, batir yana ɗaure a wurinsa: tsakanin 13.5 da 14.7 shi ne lafiya. Ƙasa da 13 ko da an kunna fitilu an ɗan taka totur, caji ba ya zuwa, sai a duba fambel ko ya saki, a duba kabon da reguleta. Sama da 15 reguleta yana dafa batir. Fitilar nan mai hoton batir da ke kamawa a gaban direba mota tana tafiya, ita ma caji take kuka da shi, ba batirin ba.

Don kama yoyon dare, a kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a kwance kan batir na baƙar waya, a saka mita tsakani a ma'aunin amp, a jira kamar rabin awa ƙwaƙwalwar mota ta yi barci. Kada a yi kik mita tana haka, fis ɗinta zai ƙone. Mota mai lafiya ba ta cika wuce amp 0.05 ba. Idan an ga rabin amp ko fiye, akwai mai sha. Sai a raba batir gaba ɗaya, a kwance kakkaurar wayar da ke bayan altaneta a naɗe bakinta, a mayar da mita. In yoyon ya faɗi, an kama dayod. In bai faɗi ba, a bar altaneta ya huta, a bi fis ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa rediyon da aka sa daga baya, ko na'urar bin sawun mota, ko fitilar but da ba ta mutuwa, su ne masu laifi. Wata alama mai sauƙi: motar da ta kwana ba a ta da ita ba, injin ya yi sanyi amma jikin altaneta da ɗumi, wuta ce ta kwana tana bi ta cikinsa.

Gyaran ma ba lallai ne ya kai ga sabon altaneta ba. Ƙwararren mai wayarin yana iya buɗe shi ya canza farantin dayod, ko kabon, ko reguleta. Bayan gyara a kai batirin caji ya cika tukuna, domin ɗora wa altaneta aikin farfaɗo da mataccen batir yana zafafa dayod ɗin da aka sa yanzu. Batirin da ya sha mutuwa ƙurmus kuwa, zai yiwu ya riga ya rasa ƙarfinsa har abada, sai a gwada shi kafin a yanke hukunci.

Na kira kawuna na yi masa wannan bayani. Ya yi shiru, ya ce, "To ai mu haka muka taso muka gani." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma motar ce ta canza." Duk wanda saƙon nan ya zo hannunsa, kada ya tura shi gaba. Idan kuma ka kai mota gareji ka ga an ɗauko sifana za a kwance kan batir injin yana aiki, riƙe hannun mai gyaran ka ce ya ɗauko mita. In ya ce ba shi da ita, ɗauki motarka ka nemi wani.