Daga Ƙofar Mata Zuwa Gaɓar Gulbin Zamfara: Ina Tsanin Da Ɗan Ƙwallonmu Zai Taka?

Wasu shekaru da suka shuɗe, aikin nazarin karin harshe ya kai ni garin Gummi. Wata rana bayan sallar La'asar na tsaya a bakin filin wata makarantar firamare ina kallon yara suna buga ƙwallo, ƙafa ba takalmi, raga kuwa duwatsu biyu ne aka ajiye a kowane ɓangare. A cikinsu akwai wani yaro bahago da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, wanda in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka rantse da zare ya ɗaure ta. Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Wanga yaro, da Kano yat tashi, da yanzu duniya ta san sunanai." Na rubuta maganar a littafina saboda daɗin Hausarta, amma daga baya na gane cewa abin da ke cikinta ya fi ƙarfin nahawu.

Me Kano take da shi wanda Gummi da Anka da Bukkuyum ba su da shi? Ba baiwa ba ce, domin Allah bai keɓe ta ga mutanen birni ba. Ba kuma son wasan ba ne, domin duk wanda ya leƙa gidan kallon ƙwallo a waɗannan garuruwa ranar da Real Madrid ta haɗu da Barcelona ya san zancen. Harshenmu ma shaida ne. Kalmar "ƙwallo" da can ta goriba ce da giginya, "tamaula" kuwa ta tsumma ce da yara kan ɗinka, amma yau mun wayi gari da "mai tsaron gida" da "bugun kusurwa" da "satar gida" da "bugun daga kai sai mai tsaron gida", kalmomin da gidajen rediyo suka yaɗa har suka zama 'yan gida. Al'umma ba ta wahalar ƙirƙira wa abu suna sai ya shiga ranta. Abin da Kano take da shi, a ganina, tsani ne mai matakai uku: ƙwallon unguwa, ƙwallon makaranta, da ƙwallon ƙwararru masu cin abinci da ita.

Bari mu faro daga matakin sama, tunda shi kowa ya fi hange. Tun 1953 tawagar Kano ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Lagos Dynamos, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. A 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida". Pillars ta ɗauki kambun gasar Firimiya ta Nijeriya a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ci Kofin Ƙalubale a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A 2025 kuma Barau FC ta hau gasar ƙoli, jihar ta sami ƙungiya ta biyu a can.

Amfanin wannan mataki ya wuce kofuna. Yaron Fagge ko Gwale ko Kurna yana ganin ƙarshen hanyar da idonsa. Ya ga Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Holan, daga nan Rasha da Ingila, har ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a 2018. Ya ga Sani Kaita da Shehu Abdullahi Basakkwace sun bi ta Pillars sun sa rigar ƙasa. Ya ga Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya yi shekara da shekaru yana riƙe da ƙungiyar, ya yi suna ba tare da ya dogara da tafiya Turai ba. Gani, in ji masu iya magana, ya kori ji.

Sai matakin ƙasa, wanda shi ne ainihin ƙarfin birnin. A ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi Kano da kewayenta, da wuya ka sami unguwar da ba ta da kulob, da mai horarwa na sa-kai, da wani ɗan kasuwa da ke saya musu riguna. Daga filin Mahaha zuwa na Sabon Gari, safe da yamma ƙura ba ta kwantawa. Waɗannan kulob-kulob suna da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, suna buga gasa rukuni-rukuni, mai ƙoƙari ya hau, rago ya sauka. Ga kuma Kofin Ramat na yara, wanda ake yi a Kano domin tunawa da marigayi Janar Murtala Muhammad. Saboda haka mai neman 'yan wasa ya san ranar da zai je, ya san filin da zai tsaya.

Matakin tsakiya, wato na makarantu, shi ne mai rauni ko a Kanon ma, kuma a nan mu malaman jami'a muke da namu laifin. Tun 1966 ake gudanar da wasannin jami'o'i na NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, na horon malamai suna da NICEGA, a 2018 kuma aka soma gasar ƙwallo ta manyan makarantu mai suna HiFL. Amma sau nawa muka ji ɗalibi ya fito daga ƙungiyar jami'a kai tsaye ya shiga babbar ƙungiya? Mun saba kallon ɗalibi ɗan ƙwallo a matsayin wanda bai san abin da ya kawo shi ba, mu ɗora masa lacca a daidai lokacin atisaye. A Amurka jami'a kan ɗauke wa ɗan wasa kuɗin karatu, kuma gasarsu ta ƙwararru, MLS, wadda ta soma a 1996, takan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i duk shekara. Wanda ƙwallo ta karɓe shi ya ci gaba, wanda ta ƙi shi ya koma gida da digiri. Mu kuwa sai yaro ya zaɓi ɗaya, in ya karye a shekara ashirin da biyu ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Kada kuma a ɗauka komai na Kano abin koyi ne. Tarzomar 'yan kallo ta sa an zaftare wa Pillars maki a kakar 2022, kuma a shekarar ta faɗo daga gasar ƙoli, sai a 2023 ta dawo. Ƙungiyar da ke rayuwa da aljihun gwamnati kuwa kullum tana cikin zullumin sauyin gwamna.

To, mu dawo yammacin Zamfara. A shekarar da aka soma MLS ɗin nan, 1996, aka yanke jihar daga Sakkwato. Ƙungiyar Zamfara United ta Gusau ta buga gasar ƙoli a ƙarshen shekarun 2000, daga baya ta faɗo. Ko a lokacin da take sama, yaron Bukkuyum sai ya bi ta Anka da Mayanci kafin ya ga ƙofar filin wasa na tunawa da Sardauna, hanyar da a shekarun nan matafiyi ba ya shiga sai da addu'a a baki. Manyan makarantun jihar suna Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara da Maru da Bakura. Makarantun sakandare kuwa, bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021 da abin da ya biyo baya a Maradun, sun sha rufewa na tsawon watanni. Ke nan matakin farko kaɗai ya rage, shi ma duwatsu biyu ne a filin da ba a san ranar da za a yanka shi fuloti ba.

Mai karatu na iya cewa, mutanen da ke binne 'yan uwansu ina su ina zancen ƙwallo? Tambaya ce mai nauyi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matashin da ba shi da inda zai kai ƙarfinsa da yamma, akwai masu jiransa. Akwai ramin zinare: a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da likitocin MSF suka kawo ɗauki. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, aka ɗage hanin a ƙarshen 2024. Akwai ƙwaya, akwai kuma daji, inda ake biyan yaro ya zama ɗan leƙen asiri. Ban ce ƙwallo za ta kori ɗan bindiga ba. Abin da na ce shi ne, kulob yana ba yaro abubuwa uku da daji ke yi masa alkawari: abokai, suna, da babba mai tambayar inda ya kwana. Ƙasar da ta san darajar dambe da kokawa, wadda ta ji yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago, ba baƙuwa ba ce wajen mayar da ƙarfin samari abin alfahari.

Wani abin lura kuma shi ne, a watan Satumban 2022 an zaɓi ɗan Zamfara, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Abin farin ciki ne, amma kujerar Abuja ba ta share fili a Nasarawar Burƙullu. Wannan aikin na gida ne.

Shawarata ba ta da tsada. Na ɗaya, kowace ƙaramar hukuma daga cikin ukun ta ware fili ɗaya ta yi masa takarda da katanga, a hana sayar da shi. Na biyu, masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su ɗauki nauyin gasa ta shekara-shekara tsakanin gundumomi, a yi wa kulob-kulob rajista da hukumar jiha, a buga da rana a cikin gari. Na uku, a dawo da gasar makarantun sakandare, da sharaɗin wanda ba ya zuwa aji ba ya sa riga. Na huɗu, jami'o'in Gusau da Talatar Mafara su ware gurabe kaɗan da tallafi ga waɗanda suka yi fice kuma suka cika sharuɗɗan shiga. Na biyar, a gayyaci masu horarwa daga Kano da Sakkwato ranar wasan ƙarshe, domin a Faransa ma daga ƙaramin kulob na unguwar Bondy aka tsinto Mbappé. 'Yan bokonmu da ke Abuja da Kaduna, kuɗin da muke kashewa a kallon ƙwallon Turai na wata guda ya isa ya tufatar da kulob sukutum.

Ban san inda bahagon nan na Gummi yake ba yau. Ina fatan yana gona ko kasuwa cikin rufin asiri. Amma ƙannensa suna nan a wannan fili, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke nauyin 'ya'yanmu, amin.