Harshe da Hanci a Matsayin Ma'auni: Yadda Ake Alƙalancin Farar Giyar Beljiyam

A shekarar 1957 aka rufe masana'anta ta ƙarshe mai yin farar giyar alkama a Hoegaarden, wani ƙaramin gari da ke gabas da birnin Burusel a ƙasar Beljiyam. Da rufewarta, sana'ar da garin ya yi ɗaruruwan shekaru yana tinƙaho da ita ta kama hanyar ɓacewa. Sai a 1966 wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya aiki a masana'antar yana saurayi, ya farfaɗo da ita. A yau ana kwaikwayon wannan giya a ƙasashe da dama, har ana gasa a kanta. To, da wane ma'auni alƙali zai ce wannan ta yi, waccan ba ta yi ba, alhali kowa da irin bakinsa?

Giya dai haramun ce ga Musulmi, kuma ba abin shan ɗalibi ba ce. Abin da ya kawo ta wannan shafi shi ne, masana'antunta na cikin wuraren da aka fara mayar da ɗanɗano ya zama ilimi mai ƙa'ida.

Abin da ke cikin kofin

Ana haɗa farar giya da ɗanyar alkama da tsirarren sha'ir, kusan rabi da rabi. Sinadaran inzayim da ke cikin tsiron su ne ke farfasa sitaci ya koma sukari, sannan yisti ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iskar kabon-dayokzaid. Barasar takan kai kashi 4.5 zuwa 5.5 cikin ɗari. Ana kuma jefa busasshen ɓawon lemo da 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi da ake kira koriyanda.

Ba a tace ta sosai. Saboda haka ƙwayoyin yisti da furotin ɗin alkama suna nan suna yawo a ciki, suna warwatsa hasken da ya ratsa kofin, kamar yadda ƙura ke yi wa hasken rana. Wannan ne ya sa take gurɓi-gurɓi mai fari, daga nan kuma ta samo sunanta. A wasu nau'o'in giya gurɓi aibi ne, amma a nan rashinsa ne aibi. Ke nan alƙali ba abin da ransa ke so yake aunawa ba. Yana gwada abin da ke gabansa ne da siffar da aka rubuta aka amince da ita tun kafin gasa.

Rabon maki

Ƙungiyar BJCP, wadda aka kafa a Amurka a 1985 don horar da irin waɗannan alƙalai, tana amfani da maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin shan ke ji a baki 5, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya. Ba a gaya wa alƙali sunan mai giya, lamba kawai yake gani.

Da hanci ake farawa, domin ƙamshi ba ya jira. Harshe iri biyar kaɗai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da umami, wato irin daɗin nan na romo da daddawa wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908. Hanci kuwa yana da nau'o'in masu karɓar wari kimanin 400, kuma binciken tsarinsu ne ya sama wa Linda Buck da Richard Axel lambar Nobel a 2004. Yawancin abin da mutane ke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ya bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci. Shi ya sa mai mura yakan ce abinci ya yi masa salam.

Kowane ƙamshi yana da sinadarinsa. Linalul daga koriyanda yake, limonin daga ɓawon lemo. Ɗan ƙamshin kanumfari da ake ji kuwa ba kanumfari aka sa ba, yisti ne ya sarrafa wani asid na hatsin ya mayar da shi sinadarin 4-VG. Haka ma aibobi. Warin man shanu alama ce ta dayasetil, wanda kan nuna cewa an raba giyar da yisti kafin ya gama aikinsa, ko ƙwayoyin bakteriya sun shiga. Warin jiƙaƙƙen kwali na nuna cewa iskar oksijin ta daɗe tana ɓarna. Ta haka ƙwararren alƙali kan faɗi inda aka yi kuskure ba tare da ya taka masana'antar ba.

Gwajin kofi uku

Duk da haka baki yakan yaudari mai shi. Don maganin wannan, masana a masana'antar Carlsberg ta ƙasar Denmak suka inganta wata dabara a shekarun 1940. Ana ba mutum kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya fitar da baren. Mai cinta kawai zai dace sau ɗaya cikin uku. Idan mutum 30 suka gwada, kimanin 10 za su dace bisa sa'a. Sai masu dacewa sun kai 15 ilimin ƙididdiga yake yarda cewa akwai bambanci na gaskiya.

Wannan dabara ta daɗe da fita daga gidan giya. Da ita ake gwada shayi, madara, biskit da lemon kwalba kafin a kai su kasuwa. Malamin kimiyya ma zai iya gudanar da ita a aji da zoɓo: a dama kwano biyu, a ɗan rage sukari a ɗaya, a zuba a kofuna masu kama ɗaya, a sa musu lambobi, a hana ɗalibai shawara da juna. Bayan an ƙirga waɗanda suka dace, sai a sake gwajin kowa ya toshe hancinsa, amma a wannan karon citta za a rage maimakon sukari, a kwatanta sakamakon biyu a kan allo.