DOKIN DA BA YA CIN CIYAWA

Duk wanda ya saba ratsa lungunan da ke kewaye da kasuwar Wuse a Abuja ya san waɗannan ƙananan shaguna da samari ke cika tun da hantsi, kowa riƙe da 'yar takarda, ya kafa wa akwatin talabijin ido. Ban da ƙwallo, har dawaki ake nunawa suna sukuwa, amma fa dawakin na'ura ne. Ba su cin ciyawa, ba su shan ruwa, ba su gajiya, da an gama tsere ɗaya sai wani ya tashi cikin 'yan mintoci. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu tuna wa masu karatu wani tsohon fim na ban dariya da aka yi a Amurka a kan caca da sukuwa, da kuma abin da ya sami mutanen biyu da suka yi shi.

Sunan fim ɗin It Ain't Hay, kamfanin Universal ne ya fito da shi a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'anar sunan ita ce "ba ciyawa ba ce", watau yadda mutanen can ke cewa kuɗi sun yi kauri. An ɗauko labarin ne daga wani gajeren labari na Damon Runyon, marubucin da ya san 'yan cacar birnin New York ciki da bai. Taurarin kuwa su ne Bud Abbott da Lou Costello. Abbott dogo ne siriri mai wayon tsiya, Costello gajere ne mai ƙiba wanda kullum a kansa ake ƙarewa. Wanda ya ga yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ke yi da Kulu ya riga ya san irin wannan gami: ɗaya ya haƙa rami, ɗaya ya faɗa.

A cikin fim ɗin Costello direban tasi ne mai suna Wilbur. Saboda tsabar kirki ya ba wani tsohon doki alewa, doki ya kwanta ciwo, ya mutu. To, dokin nan shi ne jarin wani dattijo mai keken doki da 'yarsa ƙarama, da shi suke ci da shi suke sha. Unguwa duka ta juya wa Wilbur baya. Nan ne fim ɗin ya fi taɓa zuciya, domin Costello ya ajiye wauta ya nuna mutumin da kunya ta ishe shi, ba shi da ko sisin da zai biya ɓarnar da ya yi. Sai shi da abokinsa suka nufi gidan caca, suka ci kuɗi, amma kafin su kai ga sayen doki wani ɗan damfara ya raba su da abin da suka samu. Daga nan aka ce musu akwai wani tsohon doki a filin sukuwa da ake neman kai da shi. Suka je suka kwanto doki, ashe kuskure suka yi, zakaran sukuwa ne mai suna Tea Biscuit, sunan da aka ƙaga don tsokanar Seabiscuit, ainihin dokin da ya kayar da War Admiral a 1938. Aka yi ta guje-guje har filin sukuwar Saratoga, inda dokin ya ci tsere, kuɗi suka zubo, dattijo ya sami sabon doki, kowa ya koma gida yana murna.

A silima ke nan. A waje kuwa labarin ya sha bamban. A 1942 babu taurarin da suka fi su jawo 'yan kallo a duk Amurka, kuɗi na shigo musu kamar ruwan Agusta, su kuma duka biyun sun shahara da kashe kuɗi da caca, ta karta da ta dawaki. Da kasuwarsu ta fara ja baya, sai ga hukumar haraji ta zo da lissafin bashin shekaru, dole suka sayar da gidaje da haƙƙinsu na wasu finafinai. Suka rabu a 1957. Costello ya rasu a 1959, Abbott kuma a 1974, bayan ya ga dukiyarsa ta zube.

Sukuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Filin da ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa a Ikko da can filin sukuwa ne, haka ma Dandalin Murtala a Kaduna, na Kano kuwa har yau yana nan da sunansa. Amma a can mai kallo yana ganin doki da idonsa, ya san mai shi, ya san mahayinsa, yana iya duban ƙafarsa ya ce wannan zai yi gudu. Ko 'yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai da ke zuba kuɗi a kan dawakin da ke tsere a Faransa, dawaki ne masu rai da tarihi. Na shagunan Wuse kuwa lissafin kwamfuta ne ke fitar da wanda ya ci, kuma an tsara lissafin ne yadda a ƙarshe riba za ta zauna wajen kamfani. Babu sanin doki da zai taimaki mutum a nan.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, kowace jiha ta ji da nata, dokar tarayya ta tsaya a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Saboda haka shagunan Wuse suna hannun hukumomin Abuja, su ne za a tambaya ko ana duba shekarun yaran da ke shiga, ko kuwa duk mai riƙe da naira ɗari ana yanka masa tikiti.